Neman Izinin Karatu a Ƙasar Kanada: Ƙa'idodinsa da Kalmominsa

1. Mafari

Fita neman ilmi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Tun a ƙarni na 13 Sarkin Kanem ya tanadi masauki a birnin Alƙahira domin mutanen ƙasarsa masu zuwa karatu da masu wucewa aikin hajji. A zamanin Turawa kuwa, cikin 1945, an aika da malaman makaranta huɗu na Arewa zuwa Jami'ar London su ƙaro sanin aikin koyarwa, cikinsu har da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Malam Aminu Kano ya bi sawunsu a 1946. A 1954 aka tura wasu malaman Arabiyya, ciki har da Malam Abubakar Gumi, zuwa Bahtar Ruda ta ƙasar Sudan. A waɗannan tafiye-tafiye na zamanin Turawa hukuma ce ta zaɓi mutane, ita ta biya, ita kuma ta ji da takardu. Ɗalibi ba shi da wani aiki sai ya ɗaure kayansa ya yi sallama da gida.

Yanzu al'amarin ya juya. Ɗalibi da iyayensa su ke neman makaranta, su ke tara kuɗi, su ke kuma fuskantar hukumar wata ƙasa wadda ba ta san su ba sai ta abin da suka rubuta. Wannan takarda ta ɗauki ƙasar Kanada ta zama misali, domin a ƙarshen 2023 baƙin ɗalibai masu riƙe da izinin karatu a can sun haura miliyan ɗaya, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashe biyar da suka fi yawan ɗalibai. Nufin takardar shi ne ta bayyana yadda a ke neman wannan izini, da dalilin kowane sharaɗi, sa'an nan ta nuna wuraren da harshen Hausa da al'adar Hausawa su kan ci karo da harshen fom. Malaman jami'a da na kwalejojin horon malamai su ne a ke fara tuntuɓa a kan wannan magana, su ne kuma a ke roƙo su rubuta takardun yabo, saboda haka ya kamata abin ya zauna musu sosai.

2. Fasfo, Biza da Izini

Akwai kalmomi uku da a ke cakuɗawa a magana ta yau da kullum. Biyu an aro su daga Ingilishi, watau fasfo da biza, ɗaya kuwa, izini, tsohuwar aro ce daga Larabci. Mutum ya kan ce «ya sami bizar karatu», yana nufin an gama kome. A dokar Kanada kuwa abubuwa uku ne daban-daban, kowanne da mai ba da shi.

Fasfo takardar ƙasar mutum ce, tana shaida ko shi wane ne, ɗan wace ƙasa ne. Biza tambari ce da a ke mannawa cikin fasfo, tana ba mutum damar ya hau jirgi ya iso bakin iyakar Kanada ya nemi shiga. Izinin karatu kuwa takarda ce ta musamman, wadda ke faɗin makarantar da mutum zai shiga, da ranar da zamansa zai ƙare, da ko an yarda ya yi aiki. Misalinsu kamar baƙo ne da ya zo gidan mutum: biza ta kai shi zaure ya yi sallama, izini shi ne maganar maigida ta cewa ga ɗakin da zai sauka, ga kuma kwanakin da zai yi.

Amfanin rarrabewar nan yana fitowa a wuri biyu. Na fari, idan an amince da roƙon ɗalibi tun yana gida, ba izinin a ke aiko masa ba. Abin da ya ke samu shi ne biza a fasfonsa da wata wasiƙa ta gabatarwa. Sai ya sauka a filin jirgi, jami'in iyaka ya duba takardunsa ya yi masa tambayoyi, sa'an nan ya buga masa ainihin izinin, kuma yana da ikon ya hana. Na biyu, ɗalibin da ya zo hutu gida da izini mai rai amma bizarsa ta mutu, ba zai iya komawa ba sai ya sabunta bizar. Da a ce masu fassara da masu watsa labarai za su tsaya a kan «izinin karatu» ga takardar zama, su bar «biza» ga tambarin shiga, da an rage wannan ruɗani. Karatun da bai wuce wata shida ba, ba ya bukatar izini, biza kaɗai ta isa.

3. Masu Iko Uku

Kanada tarayya ce mai larduna goma da yankuna uku. Tsarin mulkinta na 1867 ya bar sha'anin ilmi a hannun larduna, shigar baƙi kuwa gwamnatin tarayya ce ke da babbar magana a kai. Don haka roƙon ɗalibi ya kan bi ta hannu uku: makaranta ta ba shi gurbi, lardi ya shaida cewa gurbin yana cikin rabonsa, Ma'aikatar Shige da Fice ta tarayya ta yanke hukunci. Dokar da ma'aikatar ke aiki da ita ita ce ta shige da fice da kare 'yan gudun hijira, wadda aka zartar a 2001, ta fara aiki a 2002.

Tun daga watan Yuni na 2014 ba kowace makaranta ke da ikon karɓar baƙin ɗalibai ba, sai wadda lardinta ya sa sunanta cikin jerin makarantun da aka amince da su. Kowace tana da lamba, kuma jerin yana nan a fili a shafin ma'aikatar na intanet. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata malami ya sa ɗalibinsa ya duba, tun kafin a biya ko kwabo.

Hannun lardi sabon abu ne. Ranar 22 ga Janairu 2024 Ministan Shige da Fice na lokacin, Marc Miller, ya ba da sanarwar ƙayyade yawan izinin da za a bayar, ya ce a wannan shekara za a amince da kimanin 360,000, watau ragin kashi 35 cikin ɗari bisa na 2023. Dalilan da aka kawo su ne ƙarancin gidajen haya da kuma wasu kwalejoji da suka mai da baƙin ɗalibai saniyar tatsa. Aka raba adadin ga larduna, larduna suka raba wa makarantunsu. Daga nan yawancin masu nema sai sun haɗa da takardar shaidar lardi, wadda makaranta ke nemo wa ɗalibi, galibi bayan ya karɓi gurbin ya biya kafin alƙalami. A 2025 adadin ya zama 437,000, aka kuma sa masu digiri na biyu da na uku cikin lissafi. Daga 1 ga Janairu 2026 aka sake ɗauke wa waɗannan takardar lardi idan makarantarsu ta gwamnati ce. Lardin Kebek, inda a ke karatu da Faransanci, wanda kuma ya fi jan hankalin ɗaliban Jamhuriyar Nijar, yana da tasa takardar amincewa tun da daɗewa, da nasa ma'aunin kuɗi.

4. Takardu da Matakai

Mataki na farko shi ne samun wasiƙar karɓa daga makaranta, abin da ɗalibai ke kira admishin. A nan ne a ke duba sakamakon jarrabawa da sanin Ingilishi ko Faransanci. Sharaɗin harshe a wannan mataki na makaranta ne, kowace da nata: wasu jami'o'i sun ɗauke wa 'yan Nijeriya jarrabawar Ingilishi, wasu kuwa sai an kawo sakamakon IELTS ko TOEFL. Tun daga 1 ga Disamba 2023 ma'aikatar ke tuntuɓar makaranta kai tsaye ta tabbatar da kowace wasiƙar karɓa. An kawo wannan ne bayan da aka gano a wannan shekara cewa ɗalibai da dama daga Indiya sun shiga ƙasar da wasiƙun jabu waɗanda dillalai suka ƙaga musu, wasunsu ba su ma sani ba sai bayan shekaru.

Mataki na biyu shi ne cika fom ta intanet, da ɗora hotunan takardu: fasfo, wasiƙar karɓa, takardar lardi, shaidar kuɗi, bayanin iyali, da wasiƙar bayanin dalilin karatu. Kuɗin roƙo dala 150 ne na Kanada, ba a mayarwa ko an hana. Ya kamata a duba kwanakin fasfo tun da wuri, gama ba a ba da izini ya zarce ranar mutuwar fasfo.

Mataki na uku shi ne ɗaukar zanen yatsu da hoton fuska, a kan dala 85. A Nijeriya a kan yi wannan a cibiyoyin karɓar takardun biza na Legas da Abuja, cikin kwana 30 daga samun wasiƙar umurni, kuma yana aiki har shekara goma. Ma'aikatan waɗannan cibiyoyi ba su da hannu cikin hukunci, masu karɓa ne su miƙa. Mataki na huɗu shi ne gwajin lafiya, wanda ya wajaba a kan mai fitowa daga Nijeriya idan zai zauna fiye da wata shida. Ba kowane likita ke yinsa ba, sai wanda ma'aikatar ta naɗa. A kan ɗauki hoton ƙirji saboda tarin fuka, a kuma gwada jini, sakamakon yana aiki wata goma sha biyu.

A 2020 an buɗe wata hanya ta gaggawa domin ɗaliban Nijeriya kaɗai, amma an rufe ta ranar 8 ga Nuwamba 2024, tare da takwararta ta wasu ƙasashe. Duk wanda ya yi wa ɗalibi tallar wannan hanya yanzu, ko dai labari ya wuce shi, ko kuwa da wata manufa.

5. Shaidar Kuɗi

Doka ta ce sai ɗalibi ya nuna yana da kuɗin makaranta na shekarar farko, da kuɗin jirgi, da kuɗin ci da sha da haya, ba tare da ya dogara ga aikin da zai samu a can ba. Shekara ashirin da wani abu ma'aunin ci da sha yana tsaye a kan dala 10,000. Ranar 1 ga Janairu 2024 aka ɗaga shi zuwa dala 20,635 ga mutum ɗaya, ranar 1 ga Satumba 2025 kuma ya koma 22,895. An ɗaura shi ne ga ma'aunin ƙarancin samu na ƙasar, don haka zai riƙa motsawa kowace shekara, kuma yana ƙaruwa idan da mata ko 'ya'ya. Wannan ƙari ya zo daidai da faɗuwar naira: dalar Amurka da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati cikin Mayu 2023 ta kai kusan 1,500 cikin Fabrairu 2024. Gidan da ya yi lissafinsa a farkon 2023 sai ya wayi gari abin da ya tara bai kai rabin abin da a ke nema ba.

Shaidar da a ke karɓa ta haɗa da bayanin asusun banki na aƙalla wata huɗu, da rasiɗin biyan kuɗin makaranta, da takardar ajiya a wani bankin Kanada, da takardar tallafin karatu, wanda a ke kira sukolashif, da wasiƙar mai ɗaukar nauyi. Abin da jami'i ke bi ba yawan kuɗin kaɗai ba ne, har da asalinsu. A nan ne tsarin dukiyar Bahaushe ke samun cikas. Attajirin da ke da garken shanu da gonaki da hatsi cike da rumbuna yana iya zama ba shi da abin kirki a banki. Idan lokaci ya yi sai ya sayar da bijimai ko fili, ko uwar yaro ta kwashi adashi, a zuba kuɗin gaba ɗaya rana ɗaya. A idon jami'in da ke duba takarda, asusun da ya kwana wata uku ba kome sa'an nan ya cika dare ɗaya kama ya ke da kuɗin aro da aka ajiye don a nuna a mayar, gama an sha yin haka.

Maganin wannan shi ne a ba kowane babban kuɗi tarihinsa a rubuce: yarjejeniyar cinikin fili mai sa hannun shaidu, rasiɗin kara, takardar rajistar kasuwanci, shaidar biyan haraji, takardar albashi. Kuma a fara zuba kuɗin tun da sauran watanni. Cinikin da aka ƙulla da baki a gaban dattawa ingantacce ne a gari, amma ba ya isa ofishin da ba ya jin kome sai takarda.

6. Niyyar Komowa

Sharaɗin da ya fi kowanne kayar da masu nema yana cikin sashe na 216 na ƙa'idodin dokar, watau sai jami'i ya gamsu cewa mai roƙo zai bar Kanada idan wa'adinsa ya cika. Nauyin gamsarwa a kan mai roƙo ya ke. Galibi ba a kiran mutum a yi magana da shi fuska da fuska, saboda haka wasiƙar bayani ita ce bakinsa.

Abubuwan da a ke aunawa su ne: ko karatun ya dace da abin da mutum ya riga ya karanta da aikin da ya ke yi, ko akwai irinsa a gida da arha, in kuwa akwai, me ya sa a ke son na waje, me mutum ya bari a gida da zai jawo shi, kamar aiki ko iyali ko dukiya, da kuma yadda ya riƙe amanar bizar wasu ƙasashe a baya. Mai digiri na biyu a ilmin harsuna wanda ya nemi ƙaramar difloma a wani fanni da bai taɓa shiga ba, ba tare da bayani ba, ya ba jami'i dalilin zato cewa ƙofar shiga ya ke nema. Malamin kwaleji kuwa da ya kawo takardar hutun karatu daga wurin aikinsa, da yarjejeniyar cewa zai komo ya yi hidima, ya riƙe hujja mai ƙarfi.

Dokar ta yarda da abin da za a iya kira niyya biyu. Sashe na 22 ya nuna cewa burin mutum na zama mazaunin dindindin wata rana ba ya hana a ba shi izinin zama na wani lokaci, muddin an gamsu zai fita idan burin bai cika ba. Ke nan ba a bukatar mutum ya yi rantsuwar cewa bai taɓa sha'awar zama can ba. Abin da a ke bukata shi ne ya nuna yana da inda zai koma, da abin da zai koma yi.

Akwai wata matsala ta salon magana a nan. Tarbiyyar Bahaushe ta hore shi da kunya da ƙanƙan da kai a gaban mai iko, da buɗe wasiƙa da doguwar gaisuwa da addu'a, da kuma barin gobe ga Allah. Ɗalibin da ya kwashe wannan ya zuba cikin Ingilishi ya kan cika shafi da roƙo da yabon ƙasar Kanada, ya bar tambayoyin da a ke son amsarsu. Wani ma ya kan kwatanta wahalar gida domin a ji tausayinsa, alhali kuwa duk abin da ya faɗa na ƙuncin gida hujja ce a kansa cewa ba zai komo ba. Wasiƙar da ke aiki gajera ce, mai sunayen darussa da shekaru da aikin da a ke nufi.

7. Suna, Shekara da Dangantaka

Fom ɗin an gina shi a kan tsarin suna na Turawa: sunan yanka, da sunan zuriya wanda ba ya sakewa daga kaka zuwa jika. Bahaushe ba shi da sunan zuriya irin wannan. A makarantun farko a kan haɗa sunan yaro da na garinsu, shi ya sa aka san Aminu Kano da Shehu Shagari da waɗannan sunaye, Abubakar Imam ma da Abubakar Kagara ya fara. Daga baya aka koma ga sunan uba, wani lokaci na kaka ko na mariƙi. Saboda haka yaro ɗaya yana iya fitowa da sunan uba a takardar firamare, da sunan gari a ta sakandare, da duka biyu a fasfo, kuma an juya jerinsu. 'Yan ɗaki ɗaya ma a kan same su kowa da nasa sunan ƙarshe.

Ga kuma bambancin rubutu. Muhammadu, Muhammad, Mohammed da Mamman suna ɗaya ne ga Bahaushe, haka Abubakar da Garba da Buba, haka A'ishatu da A'i da Indo. Ga kwamfuta kuwa mutane ne daban. Haruffa masu lanƙwasa ba su shiga fasfo, Ɗanjuma sai ya zama Danjuma, alamar hamza ta Sa'idu ta kan faɗi a wata takarda ta tsaya a wata. Mace kuma ta kan sauya sunan uba da na miji bayan aure. Ƙa'idar da ta fi sauƙi ita ce a ɗauki rubutun fasfo a bi shi harafi da harafi a ko'ina, duk takardar da ta saɓa kuwa a haɗa ta da takardar rantsuwa ta kotu da bayani gajere. Gyara ya fi sauƙi kafin a yi fasfo, tun da yanzu fasfon Nijeriya yana ɗaukar bayaninsa daga lambar shaidar ɗan ƙasa.

Ranar haihuwa ma haka. Wanda aka haifa a ƙauye ba tare da rajista ba, a kan ƙiyasta masa shekara da Salla ko da wani abu da ya auku, sa'an nan a rubuta 1 ga Janairu. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne a sami rana biyu a takardu biyu, musamman inda aka rage shekaru don neman aiki.

Kalmomin dangantaka sun fi duka haɗari. A Hausa wan uba da ƙanen uba duk baba ne, 'yar'uwar uwa inna ce ko iya, ɗan baffa kuwa wa ne ko ƙane, kuma abin kunya ne mutum ya tsaya rarrabewa. Yaron da baffansa ya riƙe tun yana ƙarami, in ya zo rubuta wasiƙa, sai ya kira shi uba da Ingilishi, alhali takardar haihuwa na ɗauke da wani suna. Shi ladabi ya yi, amma a takarda saɓani ne. A fom dole a bi ma'anar kalmar ta Ingilishi, a ce wannan ɗan'uwan uba ne, a kuma bayyana riƙon da ya yi da kuɗin makarantar da ya saba biya, domin jami'i ya kan tambayi dalilin da zai sa wanda ba mahaifi ba ya ɗauki irin wannan nauyi. Fom ɗin iyali yana neman sunayen 'yan'uwa duka, har da 'yan uba. A gida mai ɗakuna uku ko huɗu jerin ya kan yi tsawo, amma a rubuta shi cikakke.

8. Hani, Ƙarya da Dillalai

Ana hana masu nema daga Afirka fiye da na sauran wurare. Wani kwamiti na Majalisar Wakilan Kanada ya binciki wannan, ya fitar da rahoto a watan Mayu 2022 wanda ya nuna bambancin, musamman ga ƙasashe masu Faransanci. Wanda aka hana ba shi da kotun ɗaukaka ƙara ta musamman. Hanyoyinsa biyu ne: ya sake nema da sabuwar hujja bayan ya ga dalilan jami'i, ko ya roƙi Kotun Tarayya ta duba ko hukuncin ya yi ma'ana, cikin kwana 60 ga wanda ke waje. Kotun ba ta ba da izini, iyakarta ta rushe hukuncin ta sa wani jami'i ya sake dubawa.

Hani kansa ba ya rufe ƙofa. Abin da ke rufe ta shi ne ƙarya. Sashe na 40 ya tanadi haramcin shiga ƙasar na shekara biyar ga wanda ya ba da bayanin ƙarya ko ya ɓoye abu mai muhimmanci. Fom yana tambaya ko wata ƙasa ta taɓa hana mutum biza, kuma Kanada tana musayar bayani da Amurka da Ingila da Ostareliya da New Zealand, don haka ɓoyewa ba ta da amfani. Hukuncin yana hawa kan mai roƙo ko da dillali ne ya cika fom ɗin. Sashe na 91 ya hana kowa karɓar lada don wakilci ko shawara a kan wannan sha'ani sai lauyan Kanada ko mashawarcin da ke da rajista a can, sunayensu kuwa ana iya dubawa. Ejan da ya yi alkawarin biza tabbas, ko ya ce zai «gyara» takardar banki, ko ya hana ɗalibi ganin abin da aka aika da sunansa, ya riga ya nuna halinsa. Ba dole ba ne a ɗauki wakili, mutum yana iya cika fom da kansa.

9. Bayan Isa

Izini ya kan ƙare kwana 90 bayan ƙarshen karatu. Mai riƙe da shi wajibi ne ya ci gaba da zuwa makaranta, makarantu kuwa suna aika wa ma'aikatar rahoton ɗalibansu sau biyu a shekara. Tun Nuwamba 2024 ɗalibi ba ya sauya makaranta sai ya nemi sabon izini, kuma aikin da zai yi a wajen makaranta lokacin karatu bai wuce awa 24 a mako ba, sai a hutu. Ladan awa 24 yana rage zafi, amma ba ya biyan kuɗin makarantar baƙo, wanda ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa. Gidan da ya tara na shekara ɗaya da zaton yaro zai nemi sauran da guminsa ya ɗora shi a kan hanyar karya doka. Izinin aiki na bayan karatu, wanda ya kan kai shekara uku, ba kowace makaranta ko kowane fanni ke kai mutum gare shi ba, an kuma ƙara masa sharuɗɗan harshe da fanni a Nuwamba 2024. Izinin aiki ga matar ɗalibi ko mijin ɗaliba shi ma an taƙaita shi tun 2024, ya koma galibi ga masu manyan digiri.

10. Abin da ya Rataya a Wuyan Malamai

Ƙa'idodin nan sun sake sau da dama tsakanin 2023 da 2026, saboda haka kowane adadi a sake duba shi a shafin ma'aikatar ranar da za a aika roƙo. Amma akwai abubuwan da ke hannun makarantun gida. Malamin da ke rajistar yara shi ne ya kan fara rubuta sunan da zai bi yaro har filin jirgi, don haka ya tsaya a kan rubutu ɗaya da rana ɗaya, ya kuma nuna wa iyaye dalili. Malamin Ingilishi ya koya wa manyan ɗalibai cika fom da rubuta wasiƙar hukuma. Malamin Hausa kuwa, in ya zo darasin fassara, yana da misali mai rai a cikin baba da inna da wa, inda fassarar da ta yi daidai da ladabi tana iya jawo wa mutum haramcin shekara biyar. Sashen Hausa kuma yana iya tsara ɗan littafin waɗannan kalmomi, domin uban da zai sayar da gonarsa ya karanta da harshensa abin da zai sa hannu a kai.